Sumayya Ta Sake Fuska, Matamaye Ta Ƙi Yarda

A Kano ake shirya fim ɗin Labarina, amma a Matamaye ake yanke masa hukunci. Daraktansa Aminu Saira na da kyamara, mu kuma muna da fada da butar shayi, ga rake ana tauna ana gyara masa labari kyauta.

Da Nafisa Abdullahi ta fita daga shirin a 2022, aka sa Fati Washa ta ci gaba da zama Sumayya, garin ya rabu gida biyu. Masu turin fim a waya suka zama alƙalai dole: duk wanda ya zo karɓar sabon kashi sai ya fara shigar da ƙara. Tsofaffin mata ne suka fi tsanani. A ganinsu mutanen cikin fim ɗin duk makafi ne, yarinya ta sake fuska da murya, ba wanda ya ce mata ko sannu, har uwar da ta haife ta.

Samari kuwa suka rantse sun bar kallo har abada. Abadar ta ƙare ranar da kashi na gaba ya fito. Don su ga iyakar lalacewar, in ji su.

Masu kallon Daɗin Kowa a Arewa24 sun fi haƙuri, sun saba mutum ya yi tafiya a labari shiru kake ji. Su abin da ke tada musu hankali shi ne kuran ya ɗauke ana tsakiyar rigimar kishiyoyi. Sai a aika yaro gidan mai sola ya jiyo wadda aka saka.