Digiri a Kan Ganga? Ku Gama Dariyar Tukuna

Alhazan Adjamé, da ku mutanen Treichville, labari ya iso mini cewa kun samu abin dariya na bana: wai akwai yaran da suka gama digiri na farko, maimakon su zo su kama wa iyayensu shago, sai suka koma Cocody za su ƙara shekara biyu suna nazarin kiɗa. Har da masu niyyar digirin digirgir. Na ji abin da ake faɗa a majalisa bayan la'asar, shayi na zagayawa. Wani ya ce roƙo ne aka sa wa kwat. Wani ya ce in dai ganga ce, a ba shi yaron wata guda ya zaga da shi gidajen biki a Abobo, ya dawo gwani ba a kashe ko dala ba. Ku dara son ranku. Amma Alhaji, kai mai rumfa a kasuwar Forum, ka san abin da aka taɓa ɗauka daga unguwar nan da kake neman abinci a cikinta?

A 1916 Turawan Faransa suka shiga ƙauyen Adjamé na mutanen Ebrié, masu ƙasar tun Abijan ba ta zama birni ba, suka ƙwace wata ganga mai suna Djidji Ayôkwé. Ba irin wadda ake ratayawa a kafaɗa ba ce. Kututturen itace ne guda aka fafe cikinsa, babu fata, tsawonsa ya haura mita 3, nauyinsa kilo 430. Laifinta ɗaya, tana magana. In an taho kamun mutane aikin tilas sai a buga ta, ƙauyukan bakin ruwa su ji, kafin soja ya iso maza sun watse. Bature bai yi dariya ba. Ya sa aka ɗauke ta, daga baya aka kai ta Faris, ta ƙare a gidan tarihi na Quai Branly. Sai a watan Yulin 2025 majalisar dokokin Faransa ta zartar da doka don a mayar wa Kwaddibuwa da kayanta. Doka sukutum saboda ganga ɗaya! Ku da ke cika bakin sanin darajar kaya, ga shi kumandan mulkin mallaka ya riga ku gane wannan da shekara ɗari da ɗoriya.

Mayar da itace abu ne mai sauƙi, aikin jirgi ne kawai. Waɗanda suka buga ta fa, sun daɗe a ƙasa. Wa zai faɗi yadda irin waɗannan ganguna suke harhaɗa magana, wane bugu ne gargaɗi, wane ne kiran taro? Nan ne yaran da kuke wa dariya suke shigowa, kuma suna da kaka a wannan fage. Farfesa Georges Niangoran-Bouah, ɗan Moossou kusa da Grand-Bassam, ya ƙarar da rayuwarsa yana sauraron gangunan Akan yana rubuta abin da suke faɗa. A 1981 ya fitar da littafinsa Introduction à la drummologie. Hujjarsa ita ce, maganar ganga a tsare take, makaɗi ba ya sauya ta yadda ya ga dama, don haka za a iya ɗaukar ta shaidar tarihi kamar takarda. Ba kowa ya yarda da shi ba, har cikin 'yan uwansa malaman jami'a, kun ga ba ku kuka fara ba. Ya rasu a 2002, har yau ana karanta shi.

Na san bulalar da kuke ɓoyewa a bayan riga: wa ya koya wa Shata? Wace jami'a Narambaɗa ya shiga? Babu, kuma babu jami'ar da za ta ƙera wani Shatan ko za a shekara ana zane a allo. Sai dai kun haɗa mutum biyu kun sa musu hula ɗaya. Makaɗi daban, manazarcin kiɗa daban. Tun 1975 Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirin digirgir a Jami'ar Indiana ta Amurka a kan Mamman Shata, Shatan yana raye yana zuba waƙa. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Shata digirin girmamawa, ya karɓa, ku kuma kuka riƙa cewa Dokta Shata baki har kunne. Ashe digirin kiɗa yana da daɗi in mutuminku aka ba. A Jami'ar Bayero ta Kano, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya yi shekaru yana tattara tarihin makaɗa da waƙoƙinsu, shi ya sa ɗan Katsina da aka haifa bayan rasuwar Shata a 1999 yake da inda zai duba.

To me ake koya musu a Jami'ar Félix Houphouët-Boigny da makarantar INSAAC har ake cinye shekaru? Na farko kunne. Kai Alhaji in ka ji kalangu sai ka ce ya yi daɗi, ka zaro jaka biyu ka liƙa. Shi ɗalibin sai ya mayar da bugun ya saurara har ya gaji, ya rage masa gudu a kwamfuta, ya rubuta inda makaɗi ya matse tsarkiya sauti ya hau, da inda ya saki ya sauka, sannan ya nuna yadda hawa da saukar nan suke bin karin harshen Hausa har taken mutum ya fito ba a buɗe baki ba. Zai gaya maka dalilin da ya sa kotso da taushi na fada ne, gangar noma ta gayya ce, kalangu kuwa asalinsa na mahauta. Mahautanmu na Port-Bouët, ku ji da kyau, kayan gadonku ne ake wa digiri.

Sannan ana koya musu zama da tsofaffi, wanda ya fi komai wuya. Yaro ya tafi Korhogo wurin masu balafon na Senufo, kiɗan da UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2012, ya gaisa, ya jira, ya nemi izini kafin ya kunna na'ura, ya rubuta sunan mai kiɗa da ranar da wurin. In tsoho ya faɗi abu, ya je ya ji ta bakin wani tsohon, don kowa kakansa ne ya fara. Ya dawo ya tsara hujja a rubuce, ya tsaya gaban malamai su yi masa tambayar ƙure. Wanda ya fita daga wannan ba a sayar masa da labarin ƙanzon kurege. Ina ma a ce masu tura mana saƙon murya a WhatsApp sun ɗan leƙa ajin.

Malam na can gefe yana gyaran murya, na san inda za shi. Hukuncin kiɗa fagenku ne, Allah gafarta Malam, ban shiga.

Mu koma kan kuɗi, tunda shi ne yarenku. Manu Dibango ɗan Kamaru, wanda ya jagoranci makaɗan gidan rediyo da talabijin na RTI a nan Abijan daga 1975, ya yi waƙarsa Soul Makossa a 1972. Shekara goma bayan haka wani yanki nata ya ɓulla cikin faifan Thriller na Michael Jackson. Sai da Jackson ya biya aka sasanta. Irin wannan rigima, wa ke zama ya jera waƙoƙin biyu ya nuna ga inda aka ɗauka, ga inda kama ce kawai? Mai horarren kunne da alƙalami. Hukumar BURIDA tun 1981 take karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu a ƙasar nan, kasuwar MASA kuma tun 1993 take tara masu saye da sayar da wasanni, Palais de la Culture na nan Treichville kuna wucewa ta gabansa. Kiɗan Zouglou da ɗaliban jami'a suka fara a ɗakunan kwanansu na Yopougon wajen 1990, shi ya kai ƙungiyar mawaƙa ta Magic System Turai. Ku kuma samarin Black Market masu loda wa mutane waƙa a waya, na ga kun yi shiru tun da na ambaci haƙƙi.

Ban ce kowane ɗalibi zai samu ofis da mota ba. Guraben kaɗan ne: koyarwa, rediyo, gidan tarihi, shirya bukukuwa, adana tsofaffin faifai. Wanda ya shiga don ya yi kuɗi da wuri, gara ya zo ku koya masa sarin atamfa. Amma masu digirin lauya nawa ne ke zaman jiran aiki a gidajenku, ban ji kuna musu waƙa a majalisa ba?

Abin da ya dame ni namu ne. Hausawa sun daɗe a garin nan, fataken goro, mahauta, masu tsire, masu garba. An yi aure, an yi suna, an naɗa sarakunan Hausawa, kuma ba a yi su shiru ba. Makaɗa sun zo daga Maraɗi da Damagaram da Sakkwato sun wasa iyayenku, sun ambaci sunayensu da garuruwansu da sana'arsu. Wani kakan ba a taɓa rubuta sunansa a takarda ba, a bakin marokin nan kaɗai ya rage, cikin wani kaset da ke shan laima a ƙasan akwatin Hajiya. Kaset kuwa ba ya jure damshin Abijan.

Don haka in ɗaya daga cikin yaran nan ya yi sallama a ƙofarku da 'yar na'urarsa, ku zolaye shi yadda kuka saba, ku kira shi Sarkin Kiɗan Cocody in kun so. Bayan nan ku ba shi tabarma, Hajiya ta buɗe akwatin, a kira tsohon da ya san sunan makaɗin tun yana iya tunawa.