Ku da Ba Ku San Doki Ba Sai Ran Sallah

To, na ji ku, 'yan babur da masu motoci. Kun ce duk wanda zai share yammacinsa a gindin turke yana kallon dabba tana cin harawa, aikin yi ne ya rasa. Madalla. Ku da kuke kwana a layin gidan mai fa, wane aikin kuke yi?

Ba ku san doki ba sai ran Hawan Daushe, an lulluɓe shi da ado, 'yan bindiga na ta harbi, algaita na tashi. Da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024, ku ne kan gaba wajen murna a Facebook. Amma ba a ganin halin doki a ƙarƙashin jalala. Sai a barga, bayan la'asar, an sauke sirdi.

Nan za ka tarar da tsohon kili ya saki leɓe, ya ɗage ƙafar baya ɗaya, yana gyangyaɗi a tsaye. Wannan dattijo ne. Ko yaro ka aza masa, zai kai shi ya dawo da shi lafiya. Kusa da shi ga ingarma mai ji da kansa. Ka matso, ya kwantar da kunnuwa baya, wato sallamarka ba ta karɓu ba. Sai ka yi ta zuwa, kana shafa wuyansa, kana miƙa masa dusa da kanwa, kafin wata rana ya yi haniniya don ya ji takunka. Ranar, Alhaji, ko an ba ka kujerar Makka sai ka ce a ɗan jira. Akwai kuma ɗan duƙushi sarkin tsokana, mai jan hular mutum, wanda ba ya birgima a turɓaya sai an gama wanke shi tas. Matsoraci ma yana nan: ya jure ƙarar bindiga ran Sallah, amma leda ta gifta, sai tutsu.

Motarka tana da irin wannan? Halinta ɗaya ne, neman kuɗi.

Kun ce tsada. Gaskiya ne, doki na cin dawa kamar ba gobe, kuma ba ya san an shiga tsakiyar wata. Sai dai ba yau aka fara ba. Sarkin Katsina Dikko ne ya kafa wasan folo a garinsa, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kai har ƙasashen waje, kuma ba a ji wani ya ce sun rasa aikin yi ba.

Ku zo kilisa ran Juma'a da yamma. Dattijon kili za mu ba ku, ba ingarma ba, don muna son iyalanku. Ku dai kada ku bi ta bayansa.