Mu da Tamojin Fuska

Mu dai a unguwar nan ba ma tsufa, sai dai wahala ta taɓa mu. Duk wadda ta leƙa madubi ta ga layi biyu sun kwanta mata a goshi, to, ko hayaƙin murhu ne, ko rainon yara, ko halin maigida. Shekaru kam ba a sa su a lissafi. Shi ya sa a gidan suna, da an ci an wanke hannu, za ka ji an matso an rage murya: "Yaya, don Allah wane mai kike shafawa?" Ita kuma Yaya ta yi murmushi ta ce ai basilin ne kawai. Kowa ya san ba shi ba ne, amma a haka ake tashi.

Yadda muke zaɓen man ma abin kallo ne. Mu juya kwalba, in rubutun Faransanci ne ko Larabci, an ci rabin jarrabawa. In mai kanti a Sabon Gari ya rantse cewa jiya aka sauke shi daga Dubai, an gama. In ya yi arha kuwa mu ajiye, wai jabu ne. Bayan kwalbar, inda aka jera abin da ke ciki da lambar NAFDAC, nan ne idonmu ba ya zuwa.

Wannan ma mai kwalba ke nan. Babbar kasuwa tana wajen masu haɗi, waɗanda ke damawa a ɗaki su ɗura a roba ba suna ba lamba, su tallata a WhatsApp da alkawarin sati guda. Kuma fa a satin ana ganin aiki, abin da ke ruɗa mu ke nan. Fuska ta yi sumul, ta yi haske, a wurin biki a ce, "Hajiya, kin koma yarinya!" Abin da ke yin wannan saurin sau da yawa clobetasol ne, magani mai ƙarfi da likita ke rubutawa don cutar fata na ɗan lokaci, ko hydroquinone, wani lokaci har da mercury mai lahanta ƙoda. A daɗe ana shafawa, fata ta yi siriri har koren jijiya ya fito, kumatu su yi ja, daga baya su ƙone su yi baƙi ƙirin, gaɓoɓin yatsu su tona asiri. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya. Mun ji a rediyo, muka ce Allah ya kyauta, muka ci gaba da zubin adashin mai.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, Allah ya riga ya yi mana gata. Baƙar fata ba ta saurin tattarewa, domin sinadarin da ya ba ta launi yana tare wani kaso na hasken rana, rana kuwa ita ce kan gaba wajen tsufar da fuska. Dubi gwaggonninmu na ƙauye da ba su san komai ba sai man kaɗe da sabulun salo. Mu kuma mu biya kuɗi a kankare mana wannan laimar, mu shiga ranar Kano tsirara, sannan mu sake biyan kuɗi neman maganin tamoji.

Abin da likitocin fata ke faɗa ba ya mana daɗi, don ba shi da armashi. Na farko man kare rana, mai lamba SPF 30 ko sama, kowace safiya. A Ostireliya an bi mutane sama da 900 tsawon shekara huɗu da rabi, sakamakon da ya fito a 2013 ya nuna masu shafa shi kullum fatarsu ta fi jinkirin tsufa da kashi 24 cikin ɗari. Mu kuwa sai mu ce na Turawa ne, ko mu ce yana sa fuska ta yi furu-furu. Na biyu retinol da yayansa tretinoin, dangin bitamin A. Su kam suna rage ƙananan layuka da gaske, amma da dare ake shafa ɗan mitsitsi, farkon farawa fuska ta yi saɓa, kuma sai an yi wata uku zuwa shida kafin a ga bambanci. Mai ciki ba ta taɓa su. Wata shida! Bikin da muke wa shiri saura kwana goma.

Sai mu karkata ga wanda aka rubuta wa collagen da manyan baƙaƙe. Ƙwayarsa ta yi girman da ba ta ratsa fata, iyakacinta ta zauna a sama ta riƙe laima, aikin da man kaɗe na kasuwar Rimi zai yi a hunturu ba tare da an taɓa kuɗin cefane ba. Dilka da halawa da kurkur kuwa a yi su don santsi da ƙamshi, kada a ɗora musu abin da ba su yi alkawari ba. Masu hali yanzu sun koma allurar Botox, wadda ke kwantar da naman goshi na wata uku ko huɗu, sai a sake biya. Ita ce ke sa ka ga Hajiya tana faɗa da 'yar aiki amma girarta ko gezau.

Mazan ma kada su yi mana dariya daga majalisa. Mun san wanda ke rina gemu daren Juma'a, mun kuma san dalilin da kwalbar da muka ɓoye bayan akwati take raguwa alhali ba mu da kishiya.