Wai Har Wasiƙa Sai An Je Jami'a?

To, jama'a, na ji ku. Tun da aka ce akwai kwas a jami'a da ake zaunar da balagaggu ana koya musu rubuta wasiƙar aiki da rahoto da takardar neman kwangila, wasunku suke ta murmushin mugunta. Wai yaron da aka sayar da akuya aka biya masa kuɗin rajista, abin da zai je ya koyo ke nan? Wani ma cewa ya yi shi tun yana aji biyar a firamare ya rubuta wa kawunsa wasiƙa, kuma har yau ba a samu mai gyara ta ba. Madalla, Allah ya ƙara basira. Sai dai ba ka faɗa mana ko kawun ya aiko da kuɗin ba.

Bari in fara da kai, Alhaji na Kantin Kwari, tunda muryarka ta danne ta kowa. Hujjarka ita ce kakanninmu sun yi fataucin goro daga Kano har Gwanja ba su taɓa shiga aji ba. Ajin boko kam ba su shiga ba. Amma ayarin nan, ban da madugu da jagaba da ubandawaki, yana tafe da malamin ayari, kuma ba addu'a kaɗai ce aikinsa ba, alƙalami ma a hannunsa yake. Ga kuma Alhaji Umaru, haifaffen Kano, ɗan fatake, wanda ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Krachi ta ƙasar Ghana ta yanzu a 1934. Tun yana saurayi, wajen 1877, ya tsara littafi da Larabci kan yadda ake rubuta wasiƙa. Turawa ba su ci Kano ba sai 1903. Ashe darasin da kake wa dariya, ɗan garinku ya riga su.

Kuma ranka ya daɗe, da azumi kai ne a sahun gaba wajen tafsiri. Ka ji an zo kan aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, aka ce a rubuta bashi, a sa masa wa'adi, a kafa shaidu. Ka gyaɗa kai har hularka ta karkace. Washegari ka ba da dila biyar na shadda a kan "ai mun saba".

Na san amsarka: yanzu ai akwai WhatsApp. Akwai kuwa. Mu saurari saƙon murya guda, na minti bakwai. Minti biyun farko gaisuwa ce, ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jiki. Na uku labarin tsadar mai. Can wajen na biyar sai ga maganar: "A turo min irin na rannan, amma ban da wancan launin, a ɗan ƙara yawa, kuɗin kuma sai yadda hali ya yi." Wace rana ce rannan? Wane launi ne wancan? Ɗan ƙari turmi nawa ne? Yaron shago ya saurara sau uku, ya yi ta maza ya ɗaure abin da ya ga dama ya kai tasha. Kaya sun isa Maraɗi, sun dawo Kano, direba ya ci kuɗin mota sau biyu, ku kuma kun yi wata ba ku gaisa ba. Abin da kwas ɗin ke horar da yaro a kai shi ne ya mayar da wannan minti bakwai layi huɗu: kaya kaza, adadi kaza, farashi kaza, a biya ranar kaza. Ba na cewa a yar da gaisuwa, ba mu taso haka ba. A gaisa a layi ɗaya, sauran a bari sai an haɗu a ɗaurin aure.

Sai kai, ƙanena mai karatun injiniya, da kake cewa kwas ɗin share fage ne, a samu a tsallake kawai. A tsarin manhajar da hukumar jami'o'i ta NUC ta ƙaddamar a ƙarshen 2022, darasin sadarwa da Turanci, GST 111, yana kan kowane ɗalibi a shekarar farko, likita ne ko lauya. 'Yan sashen kasuwanci kuma sukan ƙara da nasu na sadarwar kasuwanci. Ka raina shi yanzu, zai tare ka a gaba. Za ka je koyon aiki na SIWES, a ce ka kawo rahoto. Za ka gama bautar ƙasa, ka aika takardar neman aiki daga adireshin imel mai laƙabin da abokan ƙwallo suka sa maka, gurbin kan magana fayau, a ciki an rubuta "ga shi nan". Mai ɗaukar aiki yana da ɗaruruwan irinta a gabansa. Lissafinka na iya ɗaukar gada, amma ba zai buɗe ya gani ba, sai ka dawo gida kana cewa ba ka da uwa a gindin murhu.

Akwai kuma ku masu dogon Turanci, waɗanda a ganinku ba ku da buƙatar kwas ɗin don kun riga kun iya. Ku ne ma abin tausayi. Shafi biyu na kirari da ƙanƙan da kai, kalmomin da sai an ɗauko ƙamus, shugaba ya kai ƙarshe bai san hutu kake nema ko ƙarin albashi ba. Haka sakataren ƙungiyarmu ta unguwa yake rubuta bayanin taro: an buɗe da addu'a, an tattauna sosai, an rufe da addu'a. Wa aka ɗora wa gyaran famfon? Nawa aka amince a kashe? Yaushe zai kawo bayani? Allahu a'alamu. Wata mai zuwa a sake tattaunawa sosai.

Na hango ɗan zamani yana ɗaga waya, wai ChatGPT zai rubuta masa komai. Zai rubuta, har da ladabin da ba ka da shi. Amma bai san nawa ake bin ka ba, bai san mutumin da za ka aika wa mai saurin fushi ba ne. In ba ka san kamannin wasiƙa mai kyau ba, da me za ka gane ya yi maka shirme? Sai ka sa hannu a kan alkawarin da ba ka yi niyya ba.

Inda kuke da gaskiya, ba zan ɓoye ba. A wurare da yawa ana cusa ɗaruruwan ɗalibai a zaure guda, malami ɗaya da lasifikar da ke shaƙewa, a ƙarshe a yi jarrabawar kwamfuta ta canki-canka. Yaro ya ci kwas ɗin rubutu da maki mai kyau bai rubuta sakin layi ko ɗaya an gyara masa da jan biro ba. Wannan abin dariya ne, ku dara, ni ma ina taya ku. Malamai, ku ba su wasiƙar tunin bashi su rubuta, wadda za ta karɓo kuɗi ba ta ɓata zumunci ba, ku ga gumi.

Kai kuwa Alhaji, kafin ka ƙara cewa ɓata lokaci ne, tuna wa ya rubuta maka takardar da ka kai banki bara. Wani yaro ne mai kwamfuta a bakin kasuwa, ka biya shi, har ka ce Allah ya yi albarka. In naka ɗan ya dawo hutu, miƙa masa littafin bashin shago ya rubuta wa mutum uku na farko. Ka turo min sakamakon, amma a rubuce, don ba zan saurari saƙon murya ba.