Saba ta ƙi tashi, Sabo ta cika da injiniyoyi

Mu mutanen Sabo ta Ibadan akwai mu da wata ɗabi'a: in na'ura ta ƙi aiki, kowa za mu tambaya ban da ita na'urar. Ku leƙa shagunan sari da ɗakunan magani da wasu ofisoshin 'yan canji daga nan har Mokola. Za ku tarar da wata tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin tebur, ƙura ta rufe ta, ana ɗora mata kular abinci. To ita ce saba, a cikinta rumbun bayanan shago yake: kayan da suka shigo, wanda ya ci bashi, wanda ya biya rabi ya ce saura sai bayan Juma'a. Ranar da ta ƙi tashi, rasit ya daina fita, nan take kowa a layin ya zama injiniya.

Mai shayi ne ke fara yanke hukunci: "Alhaji, netwok ne." Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da kuɗi ke maƙalewa tsakanin banki da banki, komai a wurinmu netwok ne, har fanka in ta tsaya. Alhali wannan baiwar Allah da ke ƙarƙashin tebur babu ruwanta da intanet, waya ce kawai ta haɗa ta da kwamfutar da ke kan kanta. Wani ya ce a ɗan bubbuga mata gefe. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce baki ne, shagon ya cika ciniki kwanan nan. Yaron shago kuwa, wanda duk ya fi kowa sanin abin da ya faru, yana can lungu ya yi tsit.

Sai a zo kan babban maganinmu, kashe-kunna. A nan ne muke yin ɓarnar da ta fi ta ɗauke wuta. Da yawa daga cikin ƙananan manhajojin shago a kan MySQL ko ƙanwarta MariaDB suke zaune, kuma in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu, da an kunna ta sai ta koma ta bi abin da ta fara ba ta gama ba, ta ƙarasa na ƙarasawa, ta warware na warwarewa. Wannan aikin yana ɗaukar lokaci, musamman a tsohuwar na'ura. Mu kuwa mu ga minti biyu allo bai motsa ba, sai mu zare waya daga bango. Tana cikin gyaran kanta mu sake katse ta, mu sake, mu sake, sannan mu ce ai dama kayan Bature ba su da amana.

Abin dariyar shi ne tana rubuta kukanta. Akwai fayil ɗin da take zuba duk kuskuren da ya same ta, da rana da lokaci, kuma layukan ƙarshe ne ke faɗin dalilin da ta ƙi tashi. Mai gyaran da muke kira daga Dugbe, bayan ya gaida Alhaji ya sha lemo, abin da yake fara buɗewa ke nan. Yawanci abin ba ya wuce 'yan abubuwa. Wani lokaci wata manhaja ce ta riga ta tsaya a ƙofar da take shiga, mai lamba 3306, ko 5432 in PostgreSQL ce. Wani lokaci kuma ɗan fayil ɗin da ke nuna tana aiki ne ya saura bayan wuta ta ɗauke, kamar takalmi a ƙofar ɗaki: mai shi ya fita tuni ta baya, amma duk wanda ya zo sai ya ɗauka akwai mutum a ciki, ya juya. Amma wanda ya fi yawa a nan unguwar, faifan ajiya ne ya cika. Da me? Nan ne yaron shago ke fara duban silin. Shirin Labarina tun daga zango na farko, wasannin ƙwallo, hotunan bikin ƙanwar abokinsa, duk suna kwance gefe ɗaya da lissafin miliyoyin Alhaji. Saba ba ta sami ko taƙi ɗaya da za ta rubuta ba, ta zauna.

Ni dai abin da ke ɗaure min kai, mu ne fa jikokin mutanen da suka riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kurmi tun da aka kafa unguwar nan a 1916. Har wani Bature, Abner Cohen, ya zauna a cikinmu ya rubuta littafi a kanmu, ya fito a 1969, yana bayyana yadda maigida ke tsaya wa baƙonsa, a ba mahautan Yarbawa shanu bashi, kuɗi su dawo ba banki ba kotu. Mutumin da zai buɗe bakin bijimi ya faɗa maka shekarunsa, ya taɓa huhun goro ya san ko ya fara lalacewa a ciki, jikansa ne yau ba zai iya haƙurin karanta layi biyar ba. In ka ce Turanci ne, ai yaranmu da ke jayayyar Arsenal da Chelsea har tsakar dare Turancin suke karantawa.

Mafi haɗari shi ne ɗan ƙwarya-ƙwaryan masani. Ya kalli bidiyo a YouTube, an ce a goge fayil mai suna ibdata1 komai zai tashi. Eh, tana iya tashi, amma ta tashi ba ta san kowa ba, bashin shekara uku ya bi ruwa, masu bashin kuma su yi ta yi wa yaron addu'a a ɓoye. Ko tilasta mata tashi da masu gyara ke yi, mataki shida ne, kuma daga na 4 zuwa sama su kansu masu manhajar sun yi gargaɗin yana iya lalata bayanai har abada. Mai gyara na ƙwarai sai ya kwafe komai gefe kafin ya taɓa ko da harafi ɗaya.

Daga nan sai tambayar da ke sa shago ya yi shiru: "Alhaji, ina kwafin da kuke ajiyewa?" Akwai filashi, ƙwarai kuwa. An yi kwafi ranar da aka kafa manhajar, daga baya Hajiya ta aiko aka ba ta ta sa karatun Alƙur'ani a mota. UPS ma akwai, ga shi can yana ƙara, batirinsa ya mutu tun azumin bara, kuma duk wata sai an ce za a saya.

Kafin a gama gyara, tsohon littafin bashi ya fito daga durowa, an koma biro. Kwana biyu ana rubutawa a ciki. Saba ta tashi, an yi hamdala, an yi cinikin kuɗin mai gyara kamar ana sayen rago, an rage masa kashi ɗaya cikin uku. Abin da aka rubuta a littafi kuwa ba wanda ya shigar da shi kwamfuta. Ƙarshen wata Alhaji na da lissafi biyu da ba su yarda da juna ba, sai ya aika a kira masa yaron shago.