E, Bi, Si, Daf

Zaman kashe wando ne ya jawo mini. Ranar 26 ga Yulin 2023 sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Yamai, kafin mako ya zagayo ECOWAS ta ce a rufe iyaka, mu da muke cin abinci a bakin iyakar Magama muka wayi gari kamar an zare mana tabarma muna zaune. Ni akawu ne a wurin wani mai manyan motoci. Ni ke rubuta abin da aka loda, da inda za shi, da abin da aka ba direba na gas da na hanya. To mota ba ta motsi, akawu ya rubuta me? Tireloli sun yi layi har inda ido ya ƙare, direbobi sun shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinsu suna dafa shayi, yaran mota sun mai da madubi igiyar shanya.

Ba yau farau ba. Waccan rufewar ta zamanin Buhari ta faro a Agustan 2019, mu a Jibiya sai a Afrilun 2022 aka buɗe mana, kuma ta tafi da ɗan abin da na tara. Wannan ta zo ta same ni da Abba mai shekara huɗu, da Ummi mai uku, da Iya mahaifiyata, da ɗan wan matata da ya zo hutu daga Maraɗi iyaka ta rufe da shi. Shekararsa bakwai, Ɗan Maraɗi muke ce masa, shi kuma ya ce mini Tonton.

Kuɗin nazare ya gagara, ga tallafin mai an cire tun a watan Mayu, komai ya yi tsalle. Maman Abba kuma ta ɗauko wata sabuwar gaisuwa, safe da rana da la'asar: "Baban Abba, ba ka ɗan fita ka sha iska?" Namiji in ya ji wannan sau uku a wuni ya san ya zama kayan ɗaki.

Ina kwance ina latsa waya sai na ci karo da wata Baturiya a Amurka tana koyar da 'ya'yanta a gida, kuma duk darasin a kan manyan motoci ta gina shi. Su ƙirga taya, su rarrabe motoci bisa launi, su koyi harufa a jikin kwali. Har wani baho ta cika da shinkafa yaran suna tuƙa 'yan motoci a ciki, wai yana gyara musu riƙon fensir. Na tashi zaune. Na ce wannan mata da hoto take yi, ni kuwa a garin da tirela ta fi itace yawa nake. In ba ni ba wa?

Washegari na share zaure. Na samo kwalayen taliya, na yanka tsofaffin silifa na yi tayoyi, na fere kara na yi gatari irin na motar da muke yi muna yara. Sannan na shiga ɗakin ajiya a hankali na auno tiya biyu daga buhun shinkafar Maman Abba, wadda ta ɓoye saboda baƙi, na juye a bahon wanki. Na ce a raina aro ne, ilimi zai biya.

Darasin farko ƙirga. Na zana mota a bango da gawayi, na yi mata taya shida, na ce, "Yara, wannan tirela ce. Mu ƙirga tayoyinta."

Abba ya dube ta, ya dube ni. "Baba, wannan kanta ce."

"Tirela ce."

"To ina kanta, ina bodinta? Kuma ba safaya. In ta yi faci a hanyar Ɗan Isa fa?"

Yaron da in ka ce ya ƙirga yatsunsa sai ya tsallake huɗu. Dole na goge na sake zane: kan mota taya goma, biyu a gaba takwas a baya, bodi kuma layi uku, taya goma sha biyu. Ashirin da biyu ke nan, ni da na yi niyyar a tsaya a shida ranar farko. Muna kaiwa bakwai Ummi ta yi barci.

Launi ma haka. Na ɗaga jan kwali na ce wane launi ne wannan, Abba ya ce "haya". Na ɗaga shuɗi ya ce "ta gida". Kore, "gwamnati". Na daɗe kafin na gane lambar mota yake karanta mini, don kuwa a Najeriya jan rubutu na motar haya ne, shuɗi na mai zaman kansa, kore na hukuma. Ban san yadda ake ce wa yaro ya yi kuskure ba alhali ya fi ni gaskiya.

Harufa ne suka kusa faranta mini. Kwana uku muna E, Bi, Si, Di, har na kira Maman Abba ta zo ta ga abin da mijinta ya shuka. Abba ya miƙe, ya harɗe hannu a ƙirji, ya ɗaga murya: "E, Bi, Si, Daf!" Na ce Di. Ya ce shi dai bai taɓa ganin Di ita kaɗai ba, kullum a goshin mota da 'yan'uwanta biyu take tafe. Maman Abba ta ce madalla, ta koma wurin tukunyarta, kafaɗunta na rawa.

Ɗan Maraɗi kuwa da ma ɗan lakwal ne, yana ganin kansa mataimakin malami. Ranar da na yanka takardu na yi kuɗin wasa don a koyi ciniki, na ɗaga wadda na rubuta wa 100, ya ce "dala ashirin". Na ce ɗari. Ya ce, "Tonton, mushe malaminmu ya ce in lissafi ne ɗari, in kuɗi ne dala ashirin." Nan ma da gaskiyarsa. A wajensu sefa biyar ita ce dala, da ita ake ƙirga kuɗi, dubu kuma jikka. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar Jibiya ranar Lahadi ya ga yadda baƙo ke tsayawa yana raba komai da biyar a ka, gumi na karyo masa. Kafin azahar yaron ya ware takardunsa ya ce nasa sefa ne, ya kafa teburin canji a kan turmi, ya ƙi ba Abba ɗaya da ɗaya. Dalili? "Naira ta faɗi." A bakin ƙofa ya ji, kuma a shekarar ba wanda zai ƙaryata shi.

Duk wannan da sauƙi. Babban kuskurena na ranar Laraba ne.

Baturiyar tana da darasin "tsaya" da "wuce". Sai na ɗora taɓarya a kan bokiti biyu, na ce ga shinge, in na ɗaga ja mota ta tsaya, in na ɗaga kore ta wuce. Ban rufe baki ba na ga idon yaran nan ya kawo wani haske da ban gani ba a darasin harufa. Na tambaya wa zai zama direba. Shiru. Wa zai tsare shinge? Hannu uku, har da na Ummi da ta farka.

Wanda bai taɓa bin hanyar Katsina zuwa Jibiya ba ba zai gane ba. Tafiya ce da ba ta kai awa ɗaya ba in an bar ka ka yi ta, amma direba ya fi taka birki a kan totur. Ban ambaci kowa ba, ni dai na san 'ya'yana sun sha zama a kan cinya a cikin motar haya, kuma ashe ba barci suke ba.

Ranar Alhamis 'ya'yan maƙwabta suka shigo makarantar ba tare da an ɗauke su ba. Ranar Juma'a na ƙirga shinge tara tsakanin zaure da banɗaki: taɓarya, muciya, igiyar guga, tsintsiya, har da sandar Iya. Kowane da mai tsaronsa, kowane da tambayarsa. "Mi aka ɗauko?" "Ina takardu?" "Faka gefe." Ummi ba ta iya dogon zance ba, hannu kawai take miƙawa ta ce, "Na luwa." Ƙuli-ƙuli ake karɓa, ko alawa, ko tuwon madara. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya zauna a rana har a ga dama.

Iya suka tare da buta a hannu ana kiran la'asar. Ina jin Ɗan Maraɗi yana tambayarta daga ina zuwa ina. Ta ajiye butar ta ce, "Kai ɗan nan, kakata da ƙafa take zuwa Maraɗi suna, ta dawo da cincin a ƙulle a gefen zane, ba wanda ya taɓa tambayarta takarda." Ta shiga ba su tarihi, yadda sarakunan Katsina na Haɓe suka koma can bayan jihadi suka kafa Maraɗi, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkinsu, da yadda Ingila da Faransa suka zauna a ƙasarsu suka ja layi a tsakiyar dangi. Ni da nake saurare daga zaure na ce yau dai an yi darasi na gaske a gidan nan. Yaran suka bari ta gama tsaf, sannan Abba ya ce, "To Iya, a ba yara na goro." Ɓarin goro ta bayar. Da ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba, cewa kawai ta yi, "Kai wannan, Allah ya shirya."

Inda aka yi shinge kuwa, an san abin da ke biyo baya. Ƙananan da aka tilasta wa zama direbobi suka gaji da biya, suka gano wata kafa a bayan turken awaki wadda ta ɓulle gidan maƙwabcinmu. Suka sa wa gidan suna Ɗan Isa, kamar garin tsallaken iyaka, kafar kuma hanyar daji. Ni ina ganin shinkafar baho tana raguwa, na ɗauka riƙon fensir ne ke gyaruwa. Ashe fito ake yi da ita, a gwangwanin madara, a safa, a aljihun wando. Da ta baho ta ƙare suka gano inda na auno. Ba sai an tambayi wanda ya nuna musu hanya ba.

Ranar Asabar na ce a yi babban darasi na gaba da baya, dama da hagu. Na ɗauko baro, na zuba yara biyu a ciki, ni ne direba, Abba karen mota. Na ce zan yi ribas, ya duba mini. Ya tsaya yana kaɗa hannu kamar wanda ya shekara ashirin a tasha: "Taho, taho, taho, akwai wuri, taho." Sai ji na yi ƙwal, ruwa mai sanyi ya cika mini takalmi. Randar Iya ce, wadda ta girme ni. Sannan ya ce, "Tsaya!" A nan ma bai kauce wa sana'ar ba, haka manyansu ke yi. Baro ya soma gangarawa, ya yi ihu "Weji! Weji!", Ɗan Maraɗi ya waiga ya rarumi abin da ya fi kusa ya cusa ƙarƙashin taya. Wayata ce. Baturiya da manhajarta suka tafi tare da gilashin.

Ina tsaye a cikin ruwa aka yi sallama. Wan matata ne, ya biyo ta daji a kan babur ya zo ɗaukar ɗansa, ya yi buɗu-buɗu da ƙura. A shinge na biyu aka tsare shi. Maman Abba ta yi murna, ta shiga ɗakin ajiya don ta dafa wa yayanta shinkafar baƙi. Na ji shiru. Akwai shirun da ya fi ihu, duk mai aure ya san shi. Ta fito da buhun a hannu ɗaya, yana lilo kamar rigar da aka wanke.

"Baban Abba."

"Na'am."

"Je ka Ɗan Isa."

Ashe ta san sunan. Na ɗauki kwano na zagaya. Matar maƙwabci, daga bayan labule, ta ce ai da ma tana ta mamakin arzikin da ke ɓullo mata ta kafar katanga, ta tara abin da ta iya, sauran kuma kajinta sun karɓi nasu kason. Abin da ta miƙo bai kai tiya ɗaya ba, kuma ya bi ta darasin tifa, wato an sha juye shi a kan yashi ana kwashewa. Maman Abba ta rege shi sau uku.

Muka zauna a zaure ni da baƙo, ga shinkafa da miya har da zabuwa. Loma ta farko lafiya. A ta biyu na ji ƙaras daga bakinsa, har cikin haƙorina. Ya tsaya, ya runtse ido ɗaya, ya haɗiye da ƙyar. Mutumin kirki ne, ya san kunya. Ya sha ruwa ya ce, "Wagga 'yar gida ce ko? Ai mun ji an ce ku ci abin da kuka noma. Allah shi ƙara albarka."

Na ce amin.

A daren aka rufe makaranta, da umarnin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa. An kwance shingaye, taɓarya ta koma turmi, na sayi sabuwar randa bashi.

A watan Maris na 2024 aka buɗe iyaka, motoci suka motsa, na koma Magama da biro a aljihu. Albashin farko na kai Abba nazare. Kwana uku aka aiko in zo. Na tarar da benci a gicciye a ƙofar aji, yara sun yi layi kowa da biskit a hannu, ɗana yana zaune a kan kujerar malama ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Malamar ta ce ƙirga dai ya fi kowa, har ashirin da biyu yake kaiwa, daga nan ba ya gaba. Amma tana so ta san wa ya koya masa wannan. Na ce wallahi dangin uwarsa 'yan Maraɗi ne.

Na juya zan fita ya sa ƙafa ya tare bencin. "Mi aka ɗauko?"

Malama na kallo, yara na kallo. Na laluba aljihu na miƙa masa naira hamsin. Ya juya ta gaba da baya, ya ɗaga ta sama ya duba a haske, ya miƙo mini abata.

"Baba, naira ta faɗi. Faka gefe."