Rabe-raben Masu Abin Hawa a Gaban Mai Faci

Tun daga shekarar 1888, lokacin da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi mazaunin Belfast, ya ɗaura wa keken ɗansa robar da aka hura wa iska, 'yan Adam suka yarda su ɗora kansu da kayansu a kan abin da ƙusa guda ta isa ta kwantar da shi. Faci, wato hujewar taya har iskarta ta sace, yakan sami kowa ba tare da duba matsayi ba, amma duk wanda ya lura da masu tsayawa a rumfar mai faci zai gane cewa yawancin abin da ake kira tsautsayi bashi ne da mai abin hawa ya daɗe yana ɗage ranar biyansa, kuma mutane sun kasu ne gwargwadon dabarar da kowa ke bi wajen ɗagewar.

Rukuni na farko su ne masu ƙarin iska, waɗanda tayarsu ke yoyo a hankali, amma suka gwammace su tsaya kowace safiya a hura musu da su bari a kwance ta sau ɗaya. Hujjar mai wannan hali ita ce: "Malam, ba faci ba ne, sanyin dare ne." Gaskiya ne sanyi yana rage ƙarfin iskar taya, sai dai bai taɓa bayyana dalilin da sanyin ke tsallake tayoyi uku ya kama ta baya ta hagu kaɗai ba, kuma kafin wata ya ƙare kuɗin iskar da ya biya ya ninka kuɗin liƙi.

Rukuni na biyu su ne masu safaya ta suna. Safaya ita ce taya ta biyar da ake ajiyewa saboda ɓacin rana, kuma da yake iska tana zurarewa ta jikin roba ko ba huji, wadda aka shekara ba a duba ba takan fito a sace daidai lokacin da ake neman ta. Idan aka ci sa'a tana da iska, to jak ɗin ɗaga mota yana wajen ƙanin matarsa tun Sallar bara, idan kuwa jak yana nan, wilsifanar kwance notuna ta wata mota ce daban. A cikinsu akwai wanda ke ɗaura siririyar safayar nan da aka rubuta mata kada a wuce kilomita 80 a awa, ya manta da ita a ƙafar mota wata da watanni, yana tsere da manyan motoci tsakanin Kano da Zariya.

Rukuni na uku su ne masana awo da ƙafa. Kamfanonin ƙera motoci suna manna takarda a bakin ƙofar direba mai nuna iskar da ta dace, wadda a ƙananan motoci ba ta cika wuce 30 zuwa 35 a kan geji ba, wato ma'aunin iska, amma waɗannan sun fi amincewa da shuri. Ɗayansu zai haure tayar, ya saurara kamar mai jiran amsa, sannan ya ce a ƙara domin zai ɗauki lodi, har ta yi tauri ta riƙa cinyewa ta tsakiya. Ɗan'uwansa kuma rage iska yake yi a zafin watan Afrilu don kada ta fashe, bai sani ba cewa taya mai ƙarancin iska ta fi lanƙwasa a kan kwalta, ta fi ɗaukar zafi, kuma ita ce ta fi saurin fashewa.

Rukuni na huɗu su ne masoya Baljiyam, wato tayoyin da aka gama amfani da su a Turai aka shigo da su, waɗanda kasuwarsu ta ƙara buɗewa bayan Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙera taya a Legas a 2008. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta, ta yadda 2315 ke nufin mako na 23 na 2015, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a guji wadda ta haura shekara huɗu. Mai wannan ra'ayi lamba ɗaya yake karantawa, ita ce farashi. Idan gefen tayar ya tsage, wurin da ba ya karɓar liƙi mai aminci, sai ya sa a cusa mata tyub a ciki, ya ce tsohuwar tayar Bature ta fi sabuwar ko'ina.

Rukuni na biyar, wanda ya fi kowanne doguwar shari'a, na masu tarakta ne da manoman da ke hayarta. Tayar baya ta tarakta ba ta son iska mai yawa, kuma sau da yawa ana ɗura mata ruwa har kashi uku cikin huɗu domin ta yi nauyi ta kama ƙasa, saboda haka idan ƙayar aduwa ko tushiyar karan dawa ta huda ta, ba a ɗaukar ta zuwa gari, mai faci ne ke hawo babur da kayan aikinsa ya tarar da ita tana tsiyaya a tsakiyar kunya. A nan ne mai tarakta zai ce ba a share gonar ba, mai gona ya ce tayar da ciwonta ta zo, direba ya kishingiɗa a gindin bishiya, yayin da sauran manoman da suka ba da kafin alƙalami ke kallon hadari yana wucewa. A gefe kuma akwai masu ba da shawara, waɗanda ba su taɓa kwance noti ba amma kowannensu ya san inda hujin yake.

Shi kuwa mai faci aikinsa a fili yake. Yana hura tyub, ya nutsa shi gaɓa-gaɓa cikin bahon ruwan da ya yi baƙi, inda kumfa ta taso ya soka tsinken ashana don kada wurin ya ɓace, ya kankare, ya shafa sholisho, wato gam ɗin roba, ya jira ya sha iska, sannan ya danne liƙin da ƙarfe mai zafi. A ƙarshe yakan miƙa wa mai mota ƙusar da ya zaro a matsayin shaida, shi kuma wanda ya sayi mota da miliyoyi ya tsaya cinikin kuɗin liƙi, mai facin yana cewa: "Haba Alhaji, ai ko kuɗin fetur ɗin injin bai fita ba." Akan zargi masu wannan sana'a da watsa ƙusoshi a titi domin samun ciniki, amma zargin ya raina ƙoƙarin rukunan da aka lissafa, domin muddin suna nan da halayensu, mai faci ba shi da dalilin ɓarnatar da kuɗinsa wajen sayen ƙusa.